Ina Aka Juye Irin Waken Mahaifina?

Zuwa ga Alhaji, mai motocin ɗaukar kaya na bakin tasha, Batsari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga uba, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da jama'a, da motoci. Ya zafi, ya kuma haƙuri da irinmu? Ban rubuta sunanka ba, ranka ya daɗe, don kada a ce yaro ya kama sunan babba a bainar jama'a. Amma ka san kanka, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tasha ya san kujerar da kake zama.

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, na zo wurinka karo na shida. Na tarar an ɗaga motarka kanta mai koren bodi da jek, Ummaru makanike yana kwance a ƙarƙashinta. Abin da ya shimfiɗa don kada ƙasa ta ɓata masa baya shi ne ya tsayar da ni. Tsohon buhu ne, a kusurwarsa akwai faci na shuɗiyar atamfa, ɗinkin hannu da baƙin zare. Atamfar nan guntun zanen mahaifiyata ce, kuma ni na riƙe mata buhun ranar da ta yi facin. Na durƙusa na gaishe da Ummaru, na tambaye shi inda ya samo shi. Ko fitowa bai yi ba ya ce, "Bayan kujerar direba na zaro, ai nan Dogo direba ke cusa tsummokaransa." Wannan buhu, Alhaji, shi ne ka rantse mini cewa bai taɓa hawa motarka ba. To ga shi ya hau, har ya samu wurin kwana. Abin da ke cikinsa ne babu, ko ƙwaya ɗaya.

Tunda wasiƙar nan jama'a za su karanta, bari in faɗi ko ni wane ne. Sunana Basiru, manomi ne ni, mutumin Runka. Mako biyar ke nan da na kwaso mahaifiyata, wadda muke kira Inna, muka dawo Batsari, saboda dalilin da ba sai na faɗa wa kowa a ƙasar nan ba. Motarka na ɗauka shata. Kayanmu sun iso, ban da buhu ɗaya. A cikinsa akwai irin wake na mahaifina, wanda ake kira Malam, Allah ya jiƙansa.

Ka ce mini wake ai wake ne. Ban yi mamaki ba, don kai a buhu ka san shi. Mahaifina tun kafin a haife ni yake bin gonarsa duk kaka, yana tsinke kwanson da ya riga saura nuna, ya ware shi daban. Haka ya yi shekara da shekaru har ya fitar da nasa. Ƙanana ne, launinsu ja-ja, kuma suna nuna tun waken maƙwabta yana fure. A da abin alfahari ne kawai. Yanzu da mutum ke shiga gona yana waige, amfanin da zai nuna da wuri a kwashe a dawo gida ba ƙaramin abu ba ne. Waɗanda suka taɓa karɓar irin a hannunsa, wasu sun watse, wasu sun dafa nasu da abinci ya yi wuya. Na bincika iyakar iyawata. Wanda ke cikin buhun nan shi ne ya rage. Wani bawan Allah ya ba ni aron gona wajen Darini, na share ta, na kai taki. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Irin nake jira.

Kullum na zo sai ka ce laifina ne. Na zauna na duba, kuma na yarda ina da laifi. Bari in lissafa da kaina don in hutar da kai.

Na ɗaya, na yi ciniki a ɓoye. A Runka yanzu ba a faɗin ranar tafiya, ko ga maƙwabci, don ba ka san kunnen da zai kai wa mutanen daji labari ba. Saboda haka da na zo neman mota, sai na ja ɗan kamashonka Ɗan'iya gefen katanga, muka yi magana ƙasa-ƙasa kamar masu shirya ɓarna. Ba shaida, ba takarda. Na ce shata nake so, kayana kaɗai, daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Ya ce, "An gama, ɗan'uwa, ko allura ba za a ɗora maka a kai ba." Na biya cif a wurin. Ya kawo ni gabanka ya faɗa maka, ka ɗaga hannu daga kujera ka ce Allah ya kiyaye hanya. Yau kana cewa ba ka tuna an ce shata ba. Ku mutanen tasha kun gane mu sarai. Kun san mai tashi daga garinmu ba ya ɗaga murya, ba ya zuwa da shaida, ba ya dogon ciniki. Tsoronmu ya zama muku kasuwa.

Na biyu, na yarda aka sa ranar kasuwar Batsari. Ɗan'iya ne ya ba ni shawara, wai ranar hanya cike take da mutane, an fi samun kwanciyar hankali. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na yi masa godiya. Sai da motar ta tsaya ƙofar gidanmu na gane sauran gaskiyar da bai faɗa ba. Ta zo da buhunan hatsi jere a gaban bodi. Na tambayi direbanka Dogo, ya ce ɗan saƙo ne, buhu biyu-uku. Karatuna bai yi nisa ba, Alhaji, amma ƙirga na iya. Tara ne. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce ya juya. Amma mun riga mun fito da gado da katifa waje, an cire ƙyauren ɗaki, duk unguwa ta gani. Wanda gadonsa ya fito waje a garinmu ba ya ƙara kwana. Dogo ya san haka. Ya jingina da mota yana sakace, bai ko ba ni haƙuri ba, don ya san ba inda zan je.

Na uku, ban hau motar ba. Na yi niyyar Inna ta zauna gidan gaba, ni in hau saman kaya. Da na leƙa sai na tarar da mutum biyu a zaune, wai masu saƙon ne. Ni dai ban taɓa ganin saƙo da hula yana cin goro a gidan gaba ba sai ranar. Dogo ya ce, "Tsohuwa ta hau sama mana, ai iska ta fi a can." Matar da gwiwarta ba ta barinta hawa dakalin ƙofa sai an riƙe ta. Dole na nemo babur na ɗauke ta, muka yi gaba, muka bar duk abin da muka mallaka a hannun mutumin da ko sunansa na yanka ban sani ba. Mun iso Batsari kafin azahar. Muka zauna ƙofar gidan hayar, Inna tana kan ɗan dutse, duk ƙarar motar da ta ji sai ta miƙe. Motarka ba ta iso ba sai bayan la'asar. Tafiyar da babur ya yi da tsohuwa a baya, yana bi a hankali, ita ce ta ɗauki kantarka kusan yini. Daga baya na ji ta tsaya sau biyu a hanya ta ƙara buhuna, sannan kasuwa ta fara shiga ta sauke na 'yan kasuwa. Mu da muka ɗauki shatar mu ne cikon kaya.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Mun zuba irin a buhun da ya fi kowane tsufa. Da gangan muka yi. Haka muka koya a shekarun nan: abu mai daraja tsumma ake sa masa, don in an tare hanya ido ya wuce shi. Ban rubuta suna a jiki ba, ban shafa fenti ba. A gida kowa ya san buhunsa da ɗinkin bakinsa, ban yi tunanin zai shiga cikin baƙi ba. Da aka zo sauke kaya kuma, manyan abubuwa na bi da ido, gado, katifa, turmi, ƙyaure, buhunan geronmu uku. Dogo ko kashe mota bai yi ba. 'Yan dako suna jefo kaya, shi yana danna oda, wai yamma ta yi masa. Randar Inna ta fashe a wurin, na ce ba komai, kuma har yau ban tayar da maganarta ba. Motar ta sha kwana ke nan Inna ta zagaya kayan ta ce, "Basiru, ina buhun Malam?"

Waɗannan su ne laifuffukana, na amsa su gaban jama'a. Yanzu sai mu zo naka.

Washegari da sassafe na zo. Ka ce in je in dawo, Dogo ya fita. Na dawo bayan kwana uku, ka ce an canza masa hanya, ya yi arewa da wata motar. Na roƙi lambarsa, ka ce wayarsa ta faɗa ruwa. A tsakiyar bazara, Alhaji. Na dai yi mamakin inda ya samu ruwan, don mu a unguwarmu saye muke yi.

Zuwa na uku ka ce ka tambaye shi, ya ce babu wani buhu mai faci da ya hau motar, kuma ka rantse a kan haka. Ban san ta wace waya kuka yi maganar ba. A wannan zuwan na sake faɗa maka abin da na faɗa tun ranar farko, cewa waken nan ba na ci ba ne. Inna ta zuba masa hodar maganin ƙwari hannu sake, don na shuka ne, ba a yi nufin ya shiga tukunya ba. Ka yi dariya har hularka ta karkace, ka ce, "Wane wake ne babu magani a kasuwar nan? A wanke mana." Na so in tambaye ka ko za ka yarda a wanke a dafa a gidanka, amma na tuna kai babba ne.

Zuwa na huɗu ka kira wani ka ce ya je ya auno mini tiya biyu a kasuwa a wuce wurin. Na gode, ban karɓa ba. Da yunwa ce ta kawo ni da na karɓa. Zuwa na biyar ko gaisuwata ba ka amsa ba. Ka juya wajen abokan hirarka ka ce mutanen ƙauye ko kyauta ka ɗauko su sai sun ce ka sace musu tsintsiya. Suka yi dariya, ban da dattijo ɗaya da ya sunkuyar da kai. Ina tsaye a rana, kai kana inuwa, na jira ka gama na ce a tashi lafiya. Ba rashin zuciya ya sa na yi shiru ba. Irin nake so, kuma na san in na yi faɗa, maganar faɗan za a koma yi.

Ban zauna jiranka kawai ba. Duk ranar kasuwa ina bin layin ma'auna, ina sa hannu a kowane buhun wake, har sun fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Na faɗa wa masu abinci na kusa da tasha. Hajiya Larai mai ƙosai, Allah ya saka mata, yanzu ba ta jiƙa wake sai ta baza shi a faranti ta aika a kira ni. "Zo ka duba mini, ɗan nan, kada in kashe mutane da kuɗina." Matar da ba ta da mota ko ɗaya ta ɗauki maganar da muhimmanci fiye da mai motoci huɗu.

Wani tsohon ma'auni ne ya ba ni ƙarfin gwiwa. Ya ce 'yan kasuwa in suka sayi wake a tsohon buhu, juye shi suke yi a sabo su jibge a sito sai damina ta yi nisa farashi ya tashi. Ya ce in waken nan bai fito kasuwa ba zuwa yanzu, to yana nan kwance a siton wani. Buhun da na gani ranar Asabar ya ƙarfafa maganarsa. An juye shi. Ban ce sata aka yi ba, Alhaji, don ban gani ba. Mai yiwuwa an sauke shi cikin na 'yan kasuwa bisa kuskure, wanda ya ga ƙari ya yi shiru. Mai yiwuwa kuma akwai wata magana. Abin da na sani shi ne buhu ba ya juye kansa, ba ya naɗe kansa ya shiga bayan kujerar direba. Dogo ya san ƙofar da aka juye shi, kai kuma ka san inda Dogo yake.

Ga 'yan'uwana na Runka da Ruma da sauran garuruwanmu da ke shirin tashi, ku ɗauki darasi a kaina. Na san ba a faɗin ranar tafiya, amma ku samu mutum ɗaya tak da kuka yarda da shi ya tsaya a kan cinikin, a faɗi kalmar shata a kunnensa. Kada ku biya duka sai kaya sun sauka. Kada ku fito da ko tabarma waje sai kun ga motar da idonku, kun leƙa bodinta kun ga wayam. In dole ne ranar kasuwa, to a yi magana tun farko cewa gida za a fara zuwa. Lallai naku ya hau motar, ko da a kan turmi zai zauna. Ku sa wa kowane buhu alama, ku ƙirga a hawa, ku ƙirga a sauka, direba ya yi ta odarsa har batir ya mutu. Abin da kuka san ba a sayensa a kasuwa kuwa, ku rungume shi a kan babur. Da na ɗora buhun nan a kan tanki, da yau ban san kujerar Alhaji ba.

Buƙatuna ba su da yawa, ranka ya daɗe, kuma babu wadda za ta taɓa aljihunka.

Ka kira Dogo ya zo bakin tasha, gaban dattawa, ya faɗi inda aka juye waken. Ba zan kai shi ƙara ba, ba zan zage shi ba. In kunya yake ji, ya faɗa maka kai ka aiko mini.

In wani ne ya saya, a nuna mini shi. Ni zan kai masa waken ci tiya da tiya in karɓi nawa. Ko ya gauraya shi da wani, a ba ni tabarma da faifai, zan zauna in tsince shi ƙwaya-ƙwaya. Na san shi.

In kuma ka ga duk wannan ya fi ƙarfin girmanka, to aƙalla ka sa a yi shela a kasuwa cewa akwai wake ƙanana ja-ja da ke da magani, kada a dafa. Ni na faɗa iya inda muryata ta kai. Taka ta fi nisa.

Sannan ka hana mutanenka kiran abu shata alhali haya ce. In kuna so ku haɗa kayan gidan mutum da na kasuwa, ku faɗa masa tun gadonsa yana ɗaki.

Ina roƙon a yi wannan kafin ruwan shuka ya sauka. In ya sauka ya wuce, ko an kawo mini buhun cike sai dai baɗi, kuma ban san ko mai gonar zai sake ba ni aro ba. Inna ta daina tambayata. In na dawo daga tasha hannuna kawai take kallo.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya kiyaye motocinka da direbobinka a kan hanyoyin nan da muka san halinsu. Allah ya raya maka zuri'a. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka fito da gadonka waje ka tsaya kana jiran motar wani.

Saboda na san za a ce daga gida na zo da buhun, ban tafi da shi ba. Yana hannun Malam Isiya mai shayi, ya naɗe ya ajiye ƙarƙashin teburinsa, duk mai son gani ya je. Malam Isiya yana tsaye lokacin da aka jawo shi daga ƙarƙashin mota. Ummaru makanike shi ya zaro shi daga bayan kujera, kuma ya ce a kira shi ko gaban wa ne zai maimaita. Hajiya Larai ta bar kaskonta a wuta ta zo ta juya facin da hannunta. Ɗan kamashonka Ɗan'iya ya gani, sai ya tuna ana kiransa a wani wuri. Shaida na biyar kai ne, Alhaji. Kana kan kujerarka, tsakaninmu bai fi taku goma ba. Na ɗaga buhun sama, muka haɗa ido, sai ka sa waya a kunne.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Basiru, mutumin Runka, mazaunin Batsari.